Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke Osaka, ƙasar Japan

Lahadi, 27 ga Maris 2011

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar da ƙanwarka ta kawo mini jiya da daddare, cewa ka fara shirin mayar da matarka da 'yarka Ummi birnin Sendai da zarar jami'a ta buɗe. Raina bai yi daɗi ba da irin wannan magana ta iso gare ni ta bakin yarinya, alhali mun yi waya da kai ranar Alhamis ba ka ce mini komai ba.

Ranar Juma'a 11 ga wata, lokacin da ƙasa ta girgiza a wurinku da ƙarfe 2:46 na rana, a nan ƙarfe 6:46 ne na safe, ko dardumar asuba ban naɗe ba. Kafin a tafi masallacin Juma'a na ga baƙin ruwa a talabijin ya shafe filin jirgin saman Sendai yana tafiya da motoci kamar kara, filin da ka sauka a cikinsa shekara uku da suka wuce. Kwana uku wayarka ba ta shiga. Mahaifiyarka ta kwana uku a zaune da waya a kan cinyarta, idan caji ya ƙare ta aika yaro shago da gudu, ta tsaya a bakin zaure har ya dawo. Da muryarka ta fito ranar Litinin, kana gaya mana kun kwana a zauren wata makarantar firamare da bargo ɗaya, kuma za ku bi layin mota ku haura duwatsu zuwa Yamagata da Niigata cikin dusar ƙanƙara da jaka guda da goyo, na yi sujadar godiya a tsakar gida. An riga an ƙirga gawa fiye da 10,000, ana kuma neman wasu dubbai, Allah Ya fitar da ku daga cikin wannan.

Ruwa ya janye, kuma na yarda da kai cewa unguwarku tana kan tudu, nesa da teku. Abin da ya hana ni barci shi ne tashar nukiliya ta Fukushima. Ginin injinta na farko ya fashe ranar 12, na uku ranar 14, na huɗu ranar 15, kuma har yau ruwa ake ta kwarara wa injinan don a sanyaya su, ba a shawo kansu ba. Gwamnatin Japan ta kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20, Amurka kuwa ta ce 'yan ƙasarta su nisanci wurin da kilomita 80. Na san za ka ce Sendai tana wajen wannan iyaka, to amma da kilomita nawa ta wuce ta? Tokyo da ke nesa da fiye da kilomita 200, a ranar Larabar nan aka ce kada a ba jarirai ruwan famfonta, domin sinadarin aidin mai guba da aka samu a ciki ya ninka abin da aka yarda wa jariri. An hana sayar da madara da alayyafon yankin. Ummi watanta bakwai, ta fara shan ruwa da kunu, abin da uwarta ta ci kuma shi take sha a nono. Bayan hatsarin Chernobyl na 1986, ta cikin madara wannan guba ta shiga jikin yara, ba a ga komai a lokacin ba, sai da shekaru suka wuce dubbansu suka kamu da sankarar ƙullin da ke gaban wuya, wanda likitoci ke kira thyroid. Ka ce mini ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk kwana takwas, kuma an janye gargaɗin Tokyo washegari. Na ji, amma ragin yana da amfani ne idan an toshe inda abin ke fitowa.

Kada ka ɗauka tsoron tsufa ne ke magana. Ni na sa hannu ka tafi lokacin da mahaifiyarka ta ƙi, ni na sayar da gonar fadama, ni kuma na tsaya wa iyayen yarinyar nan na ce su ba ka ita ka tafi da ita, amanarta tana wuyana. Da wane ido zan dubi Alhaji idan wani abu ya same su? Ka san abin da ya faru da yayarka shekarar da muka koma Tudun Wada, ka kuma san wanda ya ce a jira zuwa safiya. Ban sake cewa a jira ba tun daga ranar. Kai kuma da ka yi boko har ka fi ubanka, kana neman ɗora digiri a kan ran jaririya, ka ɓoye mini don ka san abin da zan faɗa. Wannan ba tarbiyyar da na yi maka ba ce.

Na san wahalar shekara uku ce ke cikin ɗakin binciken nan, na san kuma zama a ɗakin aro da iyali yana da nauyi a kan namiji, ban raina wannan ba. Idan komawa ta zama dole, ka koma kai kaɗai, ka bar su a Osaka, ko kuwa ka sa su a jirgi su zo gida su yi wata shida, kuɗin tikiti a kaina yake. Mahaifiyarka ta riga ta sa an share ɗakin da ke kusa da nata. Ka yi istihara, ka yi shawara da matarka, sannan ka kira ni da kanka ranar Juma'a bayan asubarmu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ku.

Mahaifinka