Ku leƙa mana ƙananan gidajen abincin Berut

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi ɗaya da roƙo ɗaya. Duk sanda sunan Lebanon ya fito a shafukanku, ko dai labarin hari ne ko na karyewar kuɗi, idan kuwa abinci aka taɓo, ba a wuce shawarma. Na zauna Berut na ɗan lokaci saboda aiki, kuma abin da ya fi koya mini halin mutanen ƙasar shi ne wani ɗan gidan abinci na unguwa, kusa da inda aka sauke ni a yankin Hamra. Ina so masu karatu su san irin waɗannan wurare.

Wurin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Tebura kaɗan ne, kujerun roba, sai tanderu a can ciki yana ci tun da asuba. Irin wannan shago suna ce masa furn, kuma da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga ɗaya ba. Abin da ake fara gasawa shi ne man'ushe, gurasa ce mai faɗi da ake shafa wa haɗi a kai kafin ta shiga wuta. Mai gashi yakan murza kwaɓin alkama ya yi fale-fale, ya dangwala masa yatsu don kada mai ya zurare, sannan ya shafa za'atar da aka dama da man zaitun. Za'atar garin busasshen ganye ne mai ƙamshi, haɗe da riɗi da gishiri da summaƙ, wani jan gari mai ɗan tsami. Minti kaɗan gurasar ta fito tana tururi, a sa mata tumatir da kokwamba da na'ana'a da 'ya'yan zaitun, a ninke ta a naɗe da takarda. Ɗan makaranta da direban tasi da ma'aikacin banki duk layi ɗaya suke bi, kuma da yawa a tsaye suke cinyewa.

Akwai man'ushe mai cukun akkawi, wanda ya samo suna daga garin Akka, akwai mai niƙaƙƙen nama, akwai kuma mai kishk, wato alkama da madara mai tsami da aka bari suka kwana tare, aka shanya aka niƙa. Ni dai ta za'atar ce tawa, musamman idan a kan saj aka gasa, wato ƙarfen nan mai doro da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne matan unguwa da ke zuwa da nasu haɗin za'atar daga gida, wanda 'yan'uwa suka aiko musu daga ƙauye, su ba mai gashi ya shafa musu, su biya kuɗin kwaɓi da gashi kawai. Kowace kuma tana da yaƙinin cewa na ƙauyensu ya fi. Ba banza ba hukumar UNESCO ta sa man'ushe cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye a watan Disambar 2023.

Da rana kuma sai mezze. Nan ne nake so a fahimce ni sosai, domin mutane da dama sun ɗauka ɗan abin taɓawa ne kafin a kawo abinci na gaske. A wurin da nake zuwa, shi ne abincin. Za a jera ƙananan kwanuka a tsakiyar tebur, ba wanda yake da nasa shi kaɗai. Ga hummus, wanda ake yi da wani wake mai kama da gurjiya, a niƙa shi lukui da markaɗaɗɗen riɗi da lemon tsami da tafarnuwa, a yi masa rami a tsakiya a tsiyaya man zaitun. Ga mutabbal na yalo da aka gasa kai tsaye a kan wuta har bayansa ya ƙone, shi ya sa ƙamshin hayaƙi ke cikinsa. Wanda aka dafa yalonsa a ruwa, wallahi ko kusa bai kai ba. Ga labne, madara mai tsami da aka tace ta yi kauri. Ga tabbule, wadda kusan dukkanta ganyen baƙdunis ne, wanda Turawa ke kira parsley, da aka yanka siriri, da ɗan barzajjen alkama kaɗan. Ga fattush, haɗin ɗanyen kayan lambu da ake zuba wa soyayyen gutsattsarin gurasa da ruwan rumman mai kauri, dabarar da ke hana gurasar jiya zuwa bola. Cokali ba ya da aiki sosai, gurasa ake yaga a naɗe a ɗebo. Ba a gaggawa, kuma da kwano ya ƙare mai wurin zai tambaya ko a ƙaro.

Wata gaskiya da ya kamata baƙo Musulmi ya sani: a manyan gidajen mezze, irin na bakin kogin Bardawni a garin Zahle, ana yawan haɗa shi da barasar da suke kira araƙ. A shagunan unguwa irin wanda nake magana, shayi da ayran, wato madara mai tsami da aka tsinka da ruwa, su ne abin sha, kuma tambayar ko ana sayar da barasa a wuri ba laifi ba ce.

Yanzu ga dalilin roƙona. Wanda yake son sanin yadda matsin tattalin arziki ya taɓa talakan Lebanon, ya tsaya bakin tanderu. Shekara da shekaru dala ɗaya tana kan lira 1,500 da 'yan kai. Daga 2019 kuɗin ya rushe, har dala ta kai wajen lira 89,500, kuma gidajen abinci da yawa suka koma rubuta farashi da dala. Fashewar tashar jiragen ruwa ta Berut a ranar 4 ga Agustan 2020 ta lalata manyan rumbunan ajiyar alkama na ƙasar. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, inda suke sayo mafi yawan alkamarsu, sai aka shiga dogayen layukan burodi, har Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 150 don shigo da alkama. Duk wannan a kan mai gashi da abokan cinikinsa ya sauka. Na ga magidanci ya sayi man'ushe ɗaya ya ce a raba masa gida biyu don yaransa, na kuma ga mai shagon ya ƙara musu tumatir da zaitun bai ce uffan ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, idan za ku sake kawo labarin Lebanon, ku nemi wanda zai shiga irin waɗannan shaguna ya tambayi masu gashi nawa suke sayen buhun fulawa da galan ɗin man zaitun, da yadda suke samun iskar gas da wutar lantarki, da ko abokan cinikinsu na dā har yanzu suna zuwa. Ku kuma ba shafin girke-girkenku dama ya koya wa masu karatu yadda ake hummus da mutabbal a gida.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.