Ba kabon-14 ake auna shekarun kowace laka da shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in gyara wani kuskure da na sha karantawa, wato da zarar an ambaci shekarun dutse ko lakar ƙasan teku, sai a ce da kabon-14 aka auna, wato wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa sannu a hankali a jikin abin da ya mutu. Awon kabon-14 ba ya wuce kimanin shekara 50,000, alhali lakar da ta daskare a ƙasan teku tana kai miliyoyin shekaru.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ke bi ita ce ta sinadarin sitirontiyom, inda ake gwada yawan nau'insa mai lamba 87 da na mai lamba 86. Koguna suna kwaso sitirontiyom mai yawan 87 daga tsofaffin duwatsun tudu, ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga tsagar ƙasan teku kuma yana kawo mai ƙarancinsa. Da yake sinadarin yana daɗewa a teku har miliyoyin shekaru, ruwan tekunan duniya kuwa yana gauraya cikin shekara 1,000 da 'yan kai, ma'aunin, wato lambar da ake samu idan aka raba yawan 87 da yawan 86, yakan zama ɗaya a ko'ina a kowane zamani. A yau yana kusa da 0.7092.

Halittun ruwa masu ɓawo suna shigar da shi cikin ɓawonsu a gurbin kalsiyam, su mutu da shaidar zamaninsu a jikinsu. Saboda haka idan aka auna ɓawon da aka haƙo daga Tekun Indiya da wani daga Atilantika aka sami lamba ɗaya, ana iya cewa sa'o'in juna ne. Hanyar ta fi aiki daga shekara miliyan 40 da suka wuce zuwa yau, domin ma'aunin ya yi ta hawa daga wajen 0.7077, hawan da masana da dama ke dangantawa da tasowar duwatsun Himalaya da zaizayarsu.

Sai dai a zamunnan da suka gabaci wannan, ma'aunin ya sha hawa da sauka, har lamba ɗaya takan dace da zamani biyu ko uku, dole a nemi wata shaidar ta raba gardama. Haka kuma ɓawon da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya jiƙa ya sauya shi yakan ba da lambar ƙarya, shi ya sa ake tantance shi kafin a kai shi na'urar awo.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku