Zuwa ga abokan cinikinmu na Garwa, kan maganar taron kayan marayu na bana

Assalamu alaikum iyayenmu hajiyoyi da alhazai, yayyenmu da ƙannenmu, ya gida ya yara, ya zafin da ya fara shigowa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Mun ga gara mu rubuto kowa ya karanta da idonsa tunda magana ta fara yawo a gidajen biki da guruf ɗin WhatsApp, wasu har waya suke bugowa wai da gaske ne mun fasa taron bana. Ba mu fasa ba, ɗaga shi muka yi, sannan kuɗin yadi da na ɗinki zai ɗan hau daga wannan watan.

Ku kun san yadda muke yi duk shekara kafin azumi, mu kama zaure mu baje shadda da atamfa da leshi da gyale, 'yan matan shago su sa sabbin ɗinki su zagaya ku gani ku zaɓa, a sha shayi a ci makala da soyayyen kifin Binuwai, abin da ya hau kan uwar kuɗi mu ɗinka wa marayun unguwa da almajirai kayan sallah da shi. Ba wata ƙungiya ta sa mu ba, mu da ku ne muka raya abin nan.

To bana wallahi abubuwa ne suka haɗe mana lokaci ɗaya. Litar esansi, wato fetur, da muka sani sefa 630, a Fabrairun 2023 ta koma 730, shekara na zagayowa a Fabrairun 2024 ta zama 840, gazuwal, wato man dizal, kuma 828, kuma zuwa-zuwan da talaka ke lallaɓawa da shi, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, shi ma tunda Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina araha. Mu kuwa yawancin kayanmu daga Kantin Kwari na Kano suke tasowa, su biyo ta Yola kafin su tsallako, kowace mota da ta ɗauki dila sai direba ya ce mai ya tashi, ga kuɗin hanya ga na duwan, wato kwastan. Wasu suna ce mana ai naira ta faɗi, kamata ya yi kaya su sauka. Hajiya wallahi da naira ta faɗi can ma sai suka ninka farashi, saboda shaddar da leshin su ma daga waje suke shigo da su da dala, abin da muka samu a canji a hanya yake ƙarewa tun bai iso Garwa ba.

Sai kuma mutumin da muke sarin kaya a wurinsa, shekara da shekaru yana ba mu mu sayar mu biya, bana ya ce sai kuɗi hannu. Muka tattara muka tura, ya aiko da rabi, a cikin rabin ma shaddar da muka ce fara da ruwan toka sai ga wata kala mai ruwan ƙasa da ko kyauta ba za mu iya miƙa muku ba, tana nan jibge a bayan kanta duk mai so ya zo ya gani. Mai zauren da muka saba kamawa shi ma ya ƙara kuɗi, muna cikin roƙonsa ya ba masu biki ranarmu ba tare da ya gaya mana ba. Ga ɗauke wuta, injin surfani ba ya aiki sai da kuran, wato lantarki, in muka tada janareta mai ne yake sha.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne maganar da aka kawo mana wai mun taɓa kuɗin marayu. Subhanallah. Littafin yana nan a shago, kowace riga da aka saya bara da sunan unguwar da aka kai kaya duk a rubuce, kuma dattawan masallacinmu a gabansu aka raba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma mu ma mutane ne, mun ji zafi, yaran shago har kuka suka yi ranar.

Muna nan muna ta ƙoƙari, ana magana da wasu mutane kan kaya, muna kuma duba wani wurin, in Allah ya yarda za ku ji daga gare mu nan ba da jimawa ba. Masu zanen ranar mata ta 8 ga Maris da ke hannunmu ku kwantar da hankali, a tsohon kuɗi za mu ɗinka muku.

Godiya ta musamman ga hajiyarmu ta Fulɓere da ta fara kawo mana ɗinki tun muna da keke ɗaya a bakin babbar kasuwa, mu muka yi wa 'ya'yanta kayan aure yau ga shi jikoki muke aunawa. Da malaman lekol (makarantar boko) mata na Pumpumre masu ankonsu duk shekara, da matan adashi na Yelwa, da alhajinmu na Marwa da yake turo nasa ta Orange Money ko yadin bai gani ba ya ce a ɗinka wa yaro biyu. Allah ya saka muku da alheri ya raya zuri'a.

Mun san akwai shaguna da yawa yanzu, wasu ma sun fi mu araha, ba mu hana kowa ba. Amma don Allah kafin ki kai ɗinkin sallarki wani wuri ki leƙo mu yi magana, in kuɗin ne ya yi yawa za mu daidaita. Shago a buɗe yake daga safe har bayan isha'i, ban da lokacin sallar Juma'a.

Naku,
Hajiya da duk yaran shago