Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta muhawara, Maraɗi

Assalamu alaikum iyaye, malamai da ƴan'uwa membobi.

Mun buɗe aikin bana a Oktoba da komawar makarantu, muka rufe gab da jarabawar BEPC ta gama kwaleji da BAC ta gama babbar sakandare. Zaman Asabar da la'asar bai yanke ba, sai dai a watan azumi mun mai da shi hantsi. Sabbin shiga ne suka fi cin lokacinmu, yawancinsu ƴan kwaleji daga unguwannin Zariya, Bagalam da Ali Ɗan Sofo, don haka a kansu rahoton nan zai fi tsayawa.

Tsarin da muke koya musu shi ne na gasar makarantun duniya, wadda aka soma a Ostireliya a 1988. Ɓangare biyu ne, masu goyon baya da masu adawa, kowane da mutum 3. Kowa na da minti 8, sannan jawabin rufewa na minti 4, wanda masu adawa ke fara yi, kuma ba a kawo sabuwar hujja a cikinsa. Idan aka cire minti na farko da na ƙarshe, abokin karawa na iya miƙewa ya nemi jefa tambaya, kada ta wuce daƙiƙa 15, mai magana ya karɓa ko ya ce a zauna. Alƙalai na ba da maki 40 ga hujja, 40 ga salon magana, 20 ga dabara. Ga sabbi mun rage jawabin zuwa minti 4 har bakinsu ya saba.

Dokokin nan yara sun haddace su cikin mako biyu. Abin da ya ba mu wuya shi ne sauraro. Yaro zai zo da jawabinsa a rubuce da Faransanci, ya rera shi kamar karatun allo, abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa muka sa doka: kafin ka soki hujjar abokin karawarka, sai ka maimaita ta har ya gyaɗa kai cewa haka ya ce. Muka kuma yanke shawarar a fara kowane batu da Hausa, harshen da kundin mulkin Nijar na Maris 2025 ya ɗora a matsayin harshen ƙasa, daga baya a koma Faransanci. A ganina wannan shi ne mafi alherin abin da muka yi bana.

Ba zan manta ranar da aka ɗauki batun hana ƴan mata talla a lokacin karatu ba. Ƙuri'a ta jefa wata yarinya, wadda ita kanta ke ɗaukar ƙosai kafin ta shiga aji, a ɓangaren masu son a hana. Ta zo mini ido cike da ƙwalla ta ce, "Mushe, yaya zan soki abin da muke ci da shi?" Na ce ta kare ɓangarenta, amma kada ta zagi uwa ko ɗaya. Da ta miƙe, takarda na rawa a hannunta, wani yaro ya jefa mata tambaya: to wa zai biya kuɗin cefane? Ta yi shiru kamar ba za ta amsa ba, sannan ta aje takardar ta ce a mai da tallar bayan an tashi daga makaranta, uwaye kuma su haɗa adashi su sayar daga gida da safe. Amsar nan ba ta cikin abin da ta rubuto.

Inda muka gaza: karawar da muka shirya da ɗaliban Tasawa ba ta yiwu ba, don kuɗin mota bai taru ba, kuma laifinmu ne mu shugabanni da ba mu fara tarawa da wuri ba. Alƙalai ma sun yi mana ƙaranci. Ba don wasu ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka riƙa zuwa kyauta ba, da zama da yawa ya watse. Allah Ya saka musu da alheri.

Wasu iyaye sun nuna damuwa kada muhawara ta koya wa yara tsaurin ido. Damuwar tana kan hanya, kuma ba mu yarda a ɗaga murya ko a ci mutuncin kowa a zamanmu ba. Muna roƙon iyaye su zo su zauna su gani da idonsu.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu horar da tsofaffin membobi su zama alƙalai, a kuma riƙa tashi kafin magariba saboda ƴan mata masu nisan gida. Asusun tafiya Tasawa zai buɗe tun zaman farko na Oktoba. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya