Rahoton ayyukan shekara zuwa ga mambobi

Assalamu alaikum ƴan uwa malamai. An yi tarukan wata-wata yadda aka saba.

Babban aikin bana shi ne ziyarar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Mamel, a unguwar Wakam ta Dakar, kuma alhamdu lillahi ta yi kyau ƙwarai. Tawaga ta tashi daga Damagaram a mota zuwa Yamai, daga can ta hau jirgin sama. An gina hasumiyar a 1864 a kan ɗaya daga cikin tagwayen duwatsun Mamel, ɗayan kuma shi ke ɗauke da babban mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka da aka ƙaddamar a 2010. Ginin kansa mita 16 ne kacal, amma dutsen ya ɗaga fitilar fiye da mita 100 bisa ruwan teku, shi ya sa ake hango ta daga nisan da ya haura kilomita 50. Ƙwan fitilar wat 1000 ne. Ƙarfin hasken daga gilashin Firenel yake, wanda ke tattara shi wuri guda. Gilashin na juyawa ne a kan kwano mai cike da zaiba don kada nauyinsa ya goge ƙarfe, yana walƙawa fari sau ɗaya kowace daƙiƙa 5. Da wannan ƙidayar matuƙin jirgi ke gane cewa Mamel ce, ba wata ba. Malamin da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara koyar da darasin gaɓar teku kamar da ba.

Ga masu zuwa gaba: iskar saman dutsen na fizge hula, tana cika babbar riga, a sa tufafi masu kama jiki. Matakalar ciki matsattsiya ce, a hau kaɗan-kaɗan. A guji lokacin hunturu, hazo na rufe tsinin Almadi, wato ƙasar da ta kutsa cikin teku kusa da hasumiyar. A riƙa goge gilashin kyamara, domin raɓar gishiri na dusashe hoto.

Ƙaramar hasumiyar gwaji da aka yi wa ɗalibai alkawari ba ta kammala ba. Ba sakacin kwamiti ba ne. An sayi katako, maƙeri ya haɗa gindi, kuɗin inji mai juya fitila da batir ne babu, domin waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabi ba. Masu tafiya ma daga aljihunsu suka biya. Abin da ciwo a ce mai neman hotuna a WhatsApp ba ya ɗaga wayar ma'aji.

Duk mai bashi ya kai wa ma'aji kafin taron farko na sabuwar shekara, a ranar ne za a yanke maganar injin.