Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da kulle kwamfutar shago

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sarin kaya a wurinmu a nan babbar kasuwar Garwa.

Muna sanar da ku cewa a safiyar Litinin da ta gabata mun tarar an kulle kwamfutar da muke ajiye lissafin bashi da rasit a cikinta. Sunayen takardun suna nan, amma ko ɗaya ba ta buɗuwa, sai wani saƙo da ke neman kuɗin fansa ta Bitcoin, wato kuɗin intanet. Mafarin abin wata takardar kuɗin kaya ce ta bogi da ta shigo ta imel kamar daga Duwala, magatakardanmu kuma ya buɗe ta da zuciya ɗaya. Faifan da muke adana kwafi a kai yana jone da kwamfutar a lokacin, shi ma aka haɗa da shi, kuma wannan sakacinmu ne, ba na yaron ba.

Mun kai ƙara ga hukuma. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012, ta ranar 21 ga Disamba 2010, ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutse a na'urar wani, sai dai doka wanda ya shiga hannu take hukuntawa, shi kuwa irin wannan ɓarawo yakan zauna a wata ƙasa ya karɓi kuɗi ba da sunansa ba. Ko an kama shi, hukunci ba ya dawo da lissafin da ya salwanta. Lokacin da wata manhaja mai kulle kwamfuta irin wannan, mai suna WannaCry, ta bazu a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, har asibitocin Ingila sai da suka koma rubutu da biro, balle shagon shinkafa da sukari.

Mun yanke shawarar ba za mu biya ba, domin babu tabbacin za a ba mu mabuɗin. Lambobin wayarku suna cikin kwamfutar, saboda haka duk wanda ya kira ku da sunanmu yana neman ku tura kuɗi ta Orange Money ko MTN, kada ku tura.

Muna roƙon duk mai bashi a tsakaninmu, ko shi ke bin mu ko mu ke bin sa, ya zo da rasit ɗinsa bayan sallar La'asar, mu zauna mu daidaita a sabon littafin da muka buɗe.

Wassalam,
Masu shago