A Rubuta Yarjejeniya Kafin A Ɗebi Ilimin Tsirrai Daga Hannun Jama'a

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin jami'o'i da hukumomin bincike kan abin da ya faru tsakanin mutanen San na kudancin Afirka da masana kimiyya. A nan gida ma ɗalibai da malamansu na shiga ƙauyuka suna tambayar wanzamai, ungozomomi, mafarauta da makiyaya sunayen saiwoyi da yadda ake haɗa su, galibi ba tare da wata takarda a tsakani ba.

Mafarautan San na hamadar Kalahari sun daɗe suna tauna wani tsiro mai ƙaya da ake kira Hoodia domin kashe yunwa da ƙishirwa a doguwar tafiya. Cibiyar bincike ta gwamnatin Afirka ta Kudu, CSIR, ta ware sinadarin da ke cikinsa, aka raɗa masa suna P57, ta yi rajistar mallakarsa, sannan a 1997 ta ba kamfanin Phytopharm na Ingila lasisi da fatan samar da maganin rage ƙiba. Daga baya kamfanin magunguna na Pfizer ya shigo. Duk wannan ba a tuntuɓi San ba. Sai a 2001 labarin ya fito a jaridun Ingila, har aka ruwaito shugaban Phytopharm yana cewa ya ɗauka mutanen sun ƙare. San suka kafa majalisa, suka ɗauki lauya, a Maris 2003 aka sa hannu: San za su karɓi kashi 8 cikin ɗari na kuɗin da ake biyan CSIR a kowane matakin gwaji, da kashi 6 cikin ɗari na kamashon da CSIR ɗin zai samu idan magani ya shiga kasuwa.

A nan gizo ke saƙar. Kashi 6 ɗin ba daga cinikin magani ba ne, daga ɗan abin da kamfani zai yaga wa CSIR ne. Kuma an rataya rabon a kan maganin da bai fito ba tukuna. Pfizer ya janye a 2003. Kamfanin Unilever ya karɓa a 2004, shi ma ya ajiye a 2008, bayan gwaji a kan mutane ya nuna tashin zuciya da hauhawar jini ba tare da raguwar ƙiba ba. A tsakanin nan 'yan kasuwa sun cika intanet da ƙwayoyi masu sunan Hoodia, da yawa ma babu tsiron a cikinsu, kuma yarjejeniyar ba ta ɗaure ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya shiga hannun San bai taka kara ya karya ba.

Da aka zo kan shayin rooibos, wanda ke fitowa a yankin tsaunukan Cederberg na Afirka ta Kudu, sai San suka sauya salo. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a 2014 ya amince cewa ilimin amfani da ganyen ya samo asali daga San da Khoi, wata al'ummar 'yan asalin yankin. A Nuwamba 2019 aka sa hannu kan kashi 1.5 cikin ɗari na farashin ganyen a bakin gona, masu sarrafa shi ne ke biya, ana raba kuɗin biyu tsakanin al'ummomin. Biyan farko a 2022 ya haura rand (kuɗin Afirka ta Kudu) miliyan 12. Kason ya fi ƙanƙanta a ido, amma yana kan kaya da ake aunawa a sikeli kowace kaka, ana iya duba shi a littafin ciniki. A ganinmu wannan ne tsarin da ya dace a bi. Shi ma bai rasa ƙorafi ba, domin ƙananan manoman rooibos na wurare irin su Wupperthal sun yi ta tambayar wa ke wakiltarsu a asusun da ake zuba kuɗin.

Dokokin duniya suna nan. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a Oktoba 2014, ta wajabta neman yardar al'umma tun kafin a fara, da rabon amfani bisa sharuɗɗan da aka amince. Sashe na 31 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin 'yan asali ta 2007 ya ba su ikon kula da iliminsu na tsirrai da magunguna, ko da yake Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Muna ma da misali na gida: Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itace, an sa sunan mai maganin, Rabaran Paul Ogunyale, cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a takardar rajista.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin da ke amincewa da bincike a jami'o'inmu da kada su sa hannu sai sun ga takardar yarda da aka karanta wa mutane cikin harshensu, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a gaban mai gari da shaidu. Takardar ta faɗi wane tsiro za a ɗiba, nawa, ina za a ajiye samfurin, kuma ko za a tura shi ƙasar waje. Ta haramta miƙa shi ga wani kamfani sai an dawo an sake neman izini. Ta ware kuɗin da za a biya nan take, daban da kason riba na gaba, a kuma lissafa kason a kan farashin ɗanyen kaya. A bayyana wa zai riƙe asusun da yadda za a tsige shi idan ya ci amana. Kada a buga cikakken haɗin magani a mujalla sai mai shi ya yarda, domin da zarar an buga, ya zama na kowa, rajistarsa ta yi wuya. A ƙara sharaɗi kan bayanan ƙwayoyin halittar tsiron, tunda yanzu kamfani na iya sauke su daga kwamfuta ya yi aiki da su ba tare da ya taɓa ganyen ba.

Wassalam.

Wasu malaman harhaɗa magunguna,
Zariya.